Ragon Sunan Takwarata Yana Nan da Ransa

Salamu alaikum Hajiya Kande. Don Allah, don darajar iyayenki, ki taimake ni da shawara kafin watan nan ya mutu, don in ya mutu ban san abin da zan aikata ba.

Ni tsohuwa ce a nan Gure. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ko sunana ban iya rubutawa. Maƙwabciyata Kadija, mai aiki a likita, ita ke karanta mana filin nan naki in jarida ta zo hannunta, ita ce kuma ke rubuta wannan. Na ce ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki. Sunayen da za ki gani duk ta canza su, har nata, nawa kuwa na ce kada a sa ko na ƙarya.

Ina da jika, Fadilu. Uwarsa ƴata ce, ta rasu yana wata bakwai, ubansa ya tafi Libiya neman aiki, har yau shiru. Ni na goya shi. Da nonon wata baƙar akuya na raya shi, ina tatsa ina ɗura masa da ludayi. Mijina marigayi Burahima makiyayi ne, can wajen Kelle muke kafin mu dawo gari. Duk abin da yaron nan ya sa a jikinsa, daga takalmi har littafin lakwal, daga bayan dabba ya fito. Ya yi karatu har Yamai, ya zama likitan dabbobi, yanzu yana Damagaram da matarsa Nafisa.

Tun ranar da aka ɗaura musu aure na ware ɗan rago, na ce wannan na sunan ɗan fari ne. Uda ne, gabansa ja, bayansa fari. A ƙofar ɗakina na turke shi. Dusa, harawa, kanwa, har ragowar tuwona shi ke ci. Yana ƙarami igiya ta taɓa shaƙe shi, tun daga nan muryarsa ta dushe, in ya yi kuka kamar tsoho mai tari. Ko cikin tumaki ɗari ya yi kuka na san shi. Shekara biyu ina fama da shi, Hajiya, da wannan ƙafar tawa.

Allah ya sauki Nafisa lafiya, aka samu mace, aka aiko mini cewa sunana za a sa mata. Ranar na yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ban samu zuwa ba, ƙafa ta hana ni hawan mota, ga yana ta rufe mini ido ɗaya. Ƙanen mijina Aisami shi ya ɗora ragon a kamiyo, babbar motar kaya, ya kai musu, ya dawo tun kafin suna saboda babu mai shayar masa da dabbobi. Bayan suna da kwana uku sai ga gwangwani cike da soyayyen nama, wai kason kaka. Da na buɗe, hancina ya ce mini wannan naman akuya ne. Na ce wa hancina ya yi shiru, tsufa ne. Na bi gida-gida ina rabawa da hannuna, ina cewa ku ci albarkar takwarata, ragon nan da kuka sani ne. Mutane suka ci suka sa albarka. Aminiyata Ya Kaka har ta ce kitsen ya nuna hannuna.

Wata huɗu da yin haka, wata rana bayan la'asar, Kadija ta shigo da salula, irin kiran nan da ake ganin mutum. Nafisa ce, ta ɗaga yarinyar tana nuna mini. Ni dai inuwa nake gani, amma ina ta murna ina yi mata wasa. Sai na ji kuka daga bayansu. Hajiya, wallahi dusasshiyar muryar ragona ce. Na yi irin kiran da nake yi masa in na fito da dusa. Ya amsa. Na sake, ya sake amsawa, har ina jin yana fizgar turke. Nafisa ta kashe salula. Ya Kaka na zaune kan tabarmata tana tsinkar zogale, ta ji komai, kuma ita ma ƴar makiyaya ce, ta san muryar nan kamar yadda na san ta. Ta tattara zogalenta ta tafi.

Kwana biyu sai ga Fadilu da kansa. Ya durƙusa a gabana, ya ce in yafe masa, ba a yanka ragon ba, ba a yanka komai ba. Liman ya raɗa suna, an raba dabino da goro, shi ke nan. Naman gwangwani uwar Nafisa ce ta saya wurin mahauci don a rufe mini baki. Daga nan ya shiga zazzage mini sauran. Wai shekara uku rabonsa da nama, rabonsa da nono, rabonsa da man shanu da ƙwai. Shekara uku, Hajiya! Duk zuwan da yake yi sai ya ce gyambon ciki ya hana shi cin maiƙo, ashe ƙarya ce. Ni kuwa na bi masu magani har Gidigir ina neman saiwa, ina dafawa ina aika masa a jarka. Cukun da nake matsawa da hannuna, da soyen layya da nake hana bakina in tara masa, ashe mai gadin wurin aikinsu yake ba. Furar da nake dama masa da kindirmo in ya zo, sai na juya baya ya kai wa almajirai a bayan ɗaki. Jikan Burahima, wai wake da awara yake ci.

Na ce masa nasara ne suka juya masa kai a cikin salula. Ya ce a'a, babu ruwan nasara. Ya ce da ya gama karatu an tura shi wata mahauta a wani gari, aikinsa ya duba nama ya buga tambari. Wai ya ga shanu an sauke su daga kamiyo bayan kwana uku babu ruwa, wadda ta kasa tashi a murɗe mata wutsiya har ta karye. Ya ga ana yanka wata, ƴar'uwarta na tsaye tana kallo tana fitsari don tsoro. Ya ga an farke ciki an fito da ɗan tayi yana motsi an jefar a kwata. Shekara guda yana buga tambari a kan wannan, har ranar da ya sa loma a baki ta ƙi wucewa. Yana faɗa yana hawaye, babban mutum da gemunsa.

Na ce to wannan mugunta ce, Allah ya isar wa dabbobin, amma ni ina ruwana? Ka taɓa ganin kakanka ya wasa wuƙa a gaban tunkiya? Ba sai ya shayar da ita ba, ya kai ta bayan danga inda sauran ba su gani? Ka taɓa ganin na tatse akuya ƙarƙaf na bar ɗanta da yunwa? Shekarar da fari ya cinye mana garke, ba ni na kwance rufin rumfata na ba su ba? Wa zai koya mini tausayin dabba, kai da na goya? Na ce masa nan rairayi ne, in damina ta ƙi, gero ba ya fitowa, abin da kwari ke bayarwa ba ya isar kowa, akuya ce ke cin ƙaya ta ba mu nono. In mun bar ta mu ci me, yashi?

Sai ya faɗi maganar da ta hana ni sukuni har yau. Ya ce shi bai ce haram ba ne, amma da aka sauke ragon ya zo ya sa kai a cinyarsa, don ya saba hannun mutum alheri ne. Ya ce wanda ka ciyar da hannunka har ya yarda da kai, ka kwantar da shi ka sa masa wuƙa, shi a wurinsa cin amana ne, kuma ba zai fara rayuwar ƴarsa da wannan ba. Na ce ashe kakanka maci amana ne, ni ma haka. Na ce to ni da na ciyar da kai da hannuna, na yarda da kai, shekara uku kana kallon idona kana yi mini ƙarya, ka sa na bi gari da naman kasuwa ina rantsuwa, wannan me sunansa? Rago ka ji tausayi, ni ba ka ji ba. Na ce ya tashi ya ba ni wuri. Saura kaɗan in yi masa baki, Allah ya riƙe harshena. Ya tafi. Kullum sai ya kira Kadija, ni kuwa na ƙi karɓa.

Kadija na cewa in taƙaita, takarda na ƙarewa. To ga abin da ke gabana. Aisami ya ce ƙarshen wata zai kai awaki Damagaram. Sun shirya da uwar Nafisa, in Fadilu ya tafi aiki za su kwance ragon su kai gidanta a yanka da sunan yarinyar, in ya dawo ya tarar an gama. Wai Nafisa ba za ta hana ba, don ita ma in ta je gidan uwarta tsire take ci a ɓoye. Aisami ya ce rago nawa ne, kalma ɗaya yake jira daga bakina.

Ni tsoro nake ji, Hajiya. Muna yara akwai wata a rugarmu da aka ce ba a yanka mata ragon suna ba. Ko faɗa aka yi a bakin rijiya da shi ake gama ta, har ta yi aure ana yi mata gori. Kin san abin da mutane ke nufi in sun faɗi haka. Yanzu ga mai sunana, jinina, za ta tashi da wannan a kanta, kuma Ya Kaka ta riga ta sani, abin da ta sani kuwa kasuwa ta sani. Ina tsoron in mutu in bar ta haka. Ina tsoron ko yaron nan ya bar addini ne bai sani ba. Kuma abin da ban faɗa wa kowa ba sai yanzu: ni kaina duk layya in za a kwantar da ragon da na turke, ɗaki nake shiga in toshe kunne, kuma ba na iya cin namansa sai ya kwana. Tun da ya yi maganar nan, in na fita ba awakina dusa suka taho da gudu, sai in tsaya ina kallonsu. Ko gobe ƙiyama za su tsaya su yi ƙarata? Shekara saba'in da wani abu ban taɓa tunanin haka ba, sai da wanda na raya ya zo ya sa mini.

In ce wa Aisami ya je, ko kada ya je? In ya je, na san Fadilu ba zai ƙara taka gidan nan ba. In bai je ba, yarinya ta zauna babu yanka. Ki faɗa mini gaskiya, ko mai ɗaci ce.

Tsohuwa mai fargaba, daga Gure.

AMSA

Wa alaikumus salam Inna. Allah ya ƙara lafiya, ya sanyaya miki zuciya. Ga amsar tambayarki tun da fari: kada Aisami ya je.

An cuce ki, ba zan rage miki wannan ba. Ƙin cin naman Fadilu ba shi ne laifinsa ba. Laifinsa ƙaryar shekara uku, da barin tsohuwa mai ciwon ƙafa tana neman maganin cutar da babu ita, da sa ki rantsuwa a gaban maƙwabta a kan abin da ba haka ba. Ya ji tsoron ɓacin ranki, sai ya zaɓi hanyar da ta fi sauƙi gare shi, ta fi ciwo gare ki. Kuma in ya nutsu zai ga ƙaryar ko dabba ba ta tsirar ba, tun da akuyar wani ce ta cika gwangwanin. Amma ki duba gidan nan da kyau. Shi yana ɓoye miki, matarsa tana ɓoye masa, surukarsa tana shiri a bayansa. In kika ba Aisami izini kin shiga layinsu, kuma ke kaɗai ce har yanzu ba ki yaudari kowa ba.

Na kai maganar yarinyar wurin malamai biyu kafin in rubuta wannan, bakinsu ɗaya. Yankan suna sunna ce mai lada, ba farilla ba. Rashinsa ba ya taɓa sunan yaro, ba ya taɓa asalinsa. Takwararki ƴar aure ce, an ɗaura auren iyayenta gaban shaidu, liman ya raɗa mata suna. Gorin da aka yi wa waccan baiwar Allah a rugarku jahilci ne da rashin tausayi, ba hukunci ba ne. Sun kuma ce wanda ya bar cin nama don ransa ya ƙi, bai bar addini ba, muddin bai ce Allah ya haramta ba, kuma ke da bakinki kin ce bai faɗa ba. Ki sauke wannan daga ranki.

Game da gardamarku, kowa na da gaskiyar da ɗayan bai saurara ba. Abin da ya gani a mahauta yana faruwa, kuma addinin da ya halatta mana nama shi ya hana azabtar da dabba. Mutumin da wannan ya hana shi cin abinci ba lalatacce ba ne. Ina ma zargin a wurinki ya gaji taushin zuciyar, ke mai shiga ɗaki ki toshe kunne. Inda ya kauce shi ne da ya auna turkenki da ma'aunin mahauta. Dabbar da ta ci ta sha, aka yi jinyarta, aka kwance rufin rumfa saboda ita, ba ɗaya take da wadda aka kwana uku ana jijjigawa a kamiyo ba. Shi yana birni, wake da awara na bakin titi, yana da zaɓi. Makiyayin Gure sau da yawa ba shi da shi. Yana da ikon hana bakinsa, ba shi da ikon kiran rayuwar kakanninsa cin amana. Awakinki ba abin da za su faɗa a kanki sai alheri. Ki ci gaba da ba su dusarsu.

Ga abin da za ki yi. Ki karɓi kiransa, ki ce ya zo da matarsa da yarinyar. Ki faɗa masa shirin da aka yi da ragon da cewa kin hana, don ya san da wa yake magana. Maganar tsiren Nafisa kuwa ba taki ba ce, ki bar ta ta faɗa da bakinta.

Sannan ki nemi abu biyu a wurinsa. Na farko, shi da kansa ya je gidan Ya Kaka da gidajen da kika raba nama, ya ce kakarsa ba ta yi ƙarya ba, shi ya yi mata. Wannan nauyinsa ne, kuma in magana ta fito daga bakin mai ita, masu gulma ba su da abin sayarwa. Na biyu, ya kai yarinyar likita a tsara abincinta kafin yaye. Ra'ayinsa nasa ne, amma jikin jaririya ba wurin gwaji ba ne, mai shayarwa ma haka.

In har ranki bai kwanta ba sai an yi yanka, ki tambayi limaminku, don malamai sun saɓa a kan ramawa bayan kwana bakwai. In ya ce babu laifi, ki zaɓi wata dabba cikin naki, ki yi a gidanki da rana tsaka, Fadilu na sane. Ba sai ya riƙe wuƙa ba, ba sai ya ci ba, ke ma ba sai kin nemi izininsa a kan dukiyarki ba. Shi kuwa udan, naki ne, kina iya cewa a dawo miki da shi a fili. Ni dai da ni ce, sai in bar wa yarinyar shi kyauta, ya zama dabbarta ta farko. Wanda ya hana a yanka shi ya ɗauki sayen dusa da harawa, ya ɗanɗana abin da kika yi shekara biyu kina yi.

Kada ki yi masa baki, Inna, ko a zuci. Yafiya kuma kada kowa ya gaggauta ki, ki bari sai ya je gidajen nan ya dawo. Kin wuce shekarun da za a riƙa ɓoye miki magana, shi ma ya wuce waɗanda za a yanke masa hukunci yana wurin aiki.

Allah ya raya takwara, ya shirya tsakaninku, ya ba ki lafiyar ƙafa da ido. A gaida Kadija da aikin alheri.

Hajiya Kande